Jan Wardi a Gurbin Lallen Inna

Tun da albasa ta yi wa ƙanena Bashar rana, ya fara tura motoci suna ƙetara iyaka, sai gidan da aka haife shi ya fara yi masa ƙauyanci. Ya shafe zaure da fenti, ya shimfiɗa tayil. Da ya je Abuja ya ga furen wardi a ƙofar otal, shi ke nan muka shiga uku, ya dawo Illela ba shi da zance sai na lambu. Mutumin da ko barkono bai taɓa rayawa ba!

Kullum yana tsakar gida riƙe da waya, yana jan hotuna da ɗan yatsa, wai shawara yake nema. Ga fari, ga mai hawa katanga, ga gajere na tukunya, ga ja mai ƙamshi. Kafin ki buɗe baki ya wuce wani hoton. Ya kuma samo wani Jabir mai sayar da dashe daga Kwanni, wanda duk irin da aka nuna masa sai ya rantse don zafin ƙasarmu aka halicce shi. Bashar ya kasa zaɓe, ya ce a kawo kowanne.

Da nan abin ya tsaya, da dariya kawai zan yi. Sai idonsa ya faɗa bayan ɗakin mahaifiyarmu, Inna Tasalla, inda bishiyar lallenta take. A nan aka binne mabiyiyar haihuwar kowannenmu, har da ta autarmu Ummu, wadda ta rasu tana budurwa. Mata ba ma zuwa maƙabarta, Inna ba ta san inda kabarin yake ba. Bayan sadakar bakwai ta dasa lallen, a gindinsa take alwala, a nan take yi wa ɗiyarta addu'a. Abin da ya rage mata ke nan.

"Inna, wanga wuri shi ɗai ad da laima," in ji Bashar. "Nan jan za shi zamna."

"Mi lallen yai maka?" Inna ta tambaye shi.

"Haba Inna, lalle ai ga shi nan kasuwa."

Na ce masa, "Kai, ka san abin da aƙ ƙarƙashi nai."

"Yaya Rahmatu, wagga duk bidi'a ta."

Ji min yaro! Bashar da sai an yayyafa masa ruwa yake tashi sallar asuba, yau shi ne mai ba da fatawa.

Bai iya cire lallen a gabanta ba, don ko wannan ƙarfin halin ba shi da shi. Ya bari sai da muka tafi suna garin Tozai. Muka dawo da la'asar muka tarar an tumɓuke lallen har saiwa, an kafa wani ɗan tsinke mai ƙaya a gurbinsa. Ni na yi ta zazzaga masifa har maƙwabta suka leƙo. Inna kuwa sai ta ce in miƙo mata buta. Ta tsuguna ta yi alwalarta a gindin tsinken. Wallahi ranar na tsani ƙanena.

Bazara ta shigo ta yi aikinta. Farin ya ƙone, mai hawa katanga ko taɓa katangar bai yi ba, na tukunya ya dahu a tukunyarsa. Jabir ya daina ɗaukar waya. Bashar ma ya manta da lambun, hankalinsa ya koma kan sabuwar mota.

Jan nan kaɗai ya rayu. Inna ta kafa masa zana ta tare rana, ta kore masa awaki, ƙaya ta yi ta tsaga mata yatsu. Ba son furen take ba, ta faɗa mini da bakinta, amma in ya mutu wurin zai zama fili kamar ko'ina.

Da ruwan farko ya sauka sai ya fitar da fure ɗaya, ja jawur. Inna ta kira ni in gani, na ga murmushinta na farko tun ranar Tozai. Muna tsugune Bashar ya shigo, ya ga furen, ya washe baki. Abokansa na zaure, ba su da damar shigowa cikin gida. Ya sa hannu ya tsinke shi, ya fita da sauri.

Muna jiyo muryarsa daga zauren yana cewa, "Kun gani? Ni dai na hwaɗa muku, sai mutum ya iya zaɓe!"

Inna ta dubi karan da ya bari, ta ɗaga butar ta ƙarasa zuba masa sauran ruwan.