Ɗorawar Inna Hasiya

Wallahi na gaji da kirkin mijina. Badamasi ya tsufa a sashen biyan diyya na ƙaramar hukuma, amma har yau kwanon ɗakinmu yoyo yake yi. Da kuɗin sallamarsa muka yi shirin sake rufi, ga ritayar ta ƙarato.

Sai aka karɓi gonar wani Shafi'u a Magama, za a faɗaɗa tashar manyan motocin Maraɗi. A tsakiyar gonar akwai ɗorawa. Kowa a garin ya san ƙasa ta Shafi'u ce, itacen kuwa na Inna Hasiya ne, gadon uwarta. Haka muke tun kakanni. Ita takardar gwamnati ina ruwanta? Mai gona kawai ta sani. Aka biya Shafi'u har da kuɗin itace, ya ƙetara iyaka, shiru kake ji.

Aka sare ɗorawa. Tsohuwa ta dinga zaman ƙofar ofis, har Badamasi ya sa hannu aka biya ta ita ma.

Masu binciken kuɗi suka ce an biya itace ɗaya sau biyu. Doka ta ce jami'in da ya sa hannu a biyan da ya wuce ƙa'ida, ko ya karɓo rarar, ko a cire a haƙƙinsa.

Na ce, "Malam, tashi mu tafi Magama ka karɓo kuɗin nan wurin tsohuwar. Ni ba zan sake damina da robobi a tsakar ɗaki ba."

Ya tashi ya tayar da babur.

Muka tarar da Inna Hasiya a gindin zana, tukwanen daddawarta a kife. Tana ganinsa ta hau kiciniyar tashi.

"Lale, ɗana! Allah ya yi maka albarka. Kuɗin nan gero na saya, shi muke ci da marayun ɗiyata."

Na zungure shi. Ya dubi buhun da ya rage rabi a bakin ƙofa.

Ya ce, "Gaishe ki muka zo yi, Inna."

Kai! Kamar in fashe don haushi. Na ce to ni bari in faɗa da bakina. Kafin in fara ta shiga ɗaki, ta fito da ƙullin daddawa a tsumma ta danƙa mini.

"Ungo, ɗiyata, ki sa wa mijinki a miya. Ta ƙarshe ke nan daga itacen. Ba za a sake yin wata ba."

Na karɓa hannu biyu, na yi godiya. Ni da na zo da faɗa!

Aka cire kuɗin a sallamarsa, rufi ya sha ruwa. Da damina ta faɗi na fito da robobina na jera, Badamasi yana taya ni matsar da katifa, ba mai kallon wani.

Daddawar tana nan cikin kwalla. Kullum sai ya tambaya me ya sa miya ba ƙamshi, ni kuma na kasa taɓa ta.