Muryar Malam Alu

Yacouba ya buga ƙofar Malam Alu da hannun dama, Littafi Mai Tsarki a hammatar hagu, maɓallin rigarsa a karkace. Rana ta riga ta fito a kan unguwar Gudel, abokan aikinsa masu taksi sun daɗe da fita kwasar fasinja.

Shi Kirista ne, mutumin Maradi, kuma Allah ya yi masa baki kamar barkono. Mai motar da yake tuƙawa ya gaji da ƙorafin mutane, ya rantse in ya sake zagin fasinja ko ɗaya zai karɓe makullinsa. Magani guda Yacouba ya samu: ya tashi da asuba, ya karanta aya, ya yi addu'a kafin ya taɓa sitiyari. Ranar da ya yi haka, ko ɗan kabu-kabu ya gitta masa, "Allah ya shirye ka" kawai yake cewa. To, amma gogan akwai barci! Abin da ke tashinsa duk duniya shi ne kiran sallar Malam Alu, ladanin masallacin da ke jikin katangarsu. Yau kuwa shiru.

Da ya farka, matarsa Ladi ta ce, "Maigida, ba ga waya ba? Ka sa ta riƙa tashinka."

"Waya ai danna ta nake ta yi shiru. Malam Alu ba ya dannuwa."

Tsohon ya buɗe ƙofa, wuya naɗe da rawani, hanci yana zuba.

"Baba, ina kwana? Lafiya yau ba ka kira ba?"

Malam Alu ya nuna maƙogwaronsa. Da ƙyar wani raɗa ya fito: "Mura. Wani ya kira a madadina, amma muryarsa ko kaza ba ta tayarwa."

"Wallahi ka kusa kashe ni, Baba! Ban yi karatu ba, ban yi addu'a ba. Daga gidana zuwa nan har na zagi akuya. In na shiga gari a haka, kafin azahar ba ni da aiki."

Tsohon ya tsaya yana kallonsa, dariya na girgiza masa kafaɗa, ido ya kawo ruwa. Abin ya taɓa shi ƙwarai. "Sahu biyu nake tarawa kullum," ya raɗa, "ba wanda ya leƙo ya ji ko na mutu. Sai kai."

Yacouba ya ji kunya, ya juya zai tafi. Malam Alu ya cafke masa riga, ya jawo tabarma a zaure, ya nuna littafin, ya nuna ƙasa.

"Nan, Baba?"

"In ka koma gida za ka kwanta. Na san ka."

Yacouba ya tuɓe takalmi ya zauna. Ya buɗe Zabura, ya karanta a hankali yana bi da yatsa, har ya ji ƙirjinsa ya sauka. Sannan ya rufe ido. Ya roƙa wa Ladi da yara, ya roƙi gafara saboda akuyar, ya roƙi Allah ya riƙe masa harshe har yamma.

"Kuma ya Ubangiji," ya ƙara da gaske, "ka dubi bawanka Malam Alu, ka mayar masa da muryarsa kafin asubar gobe. In son samu ne, ka ƙara mata ƙarfi."

Malam Alu ya ɗaga hannu biyu, ya shafa fuska. Bakinsa ya ce amin, sauti bai fito ba.

Yacouba ya buɗe ido ɗaya, ya dube shi, ya sake rufewa.

"Kai ma dai ka ji, ya Ubangiji, ko amin ba ta fita."