Tukunya a Kan Garwashi

"Tela! Kai mai allura, buɗe ido mana!"

Kafinta ya girgiza kafaɗar maƙwabcinsa, kan ya langaɓe gefe guda kamar ba a jikinsa yake ba. Rana ta take, haskenta ya shigo ta taga ya sauka kan keken ɗinkin da aka lulluɓe da zane. Numfashin Tela ya fita, ya tsaya, sai da Kafinta ya cire rai sannan ya dawo.

"Nawa kika ba shi?"

Matar Tela na tsaye bakin ƙofa tana murza gefen mayafinta. "Kofi ɗaya, Yaya, wallahi. Ƙaramin nan da ka nuna mini. Ko ɗigo ban ƙara ba."

Bango ɗaya ne ya raba shagon Kafinta da ɗakin nan. Tun da ciwon ƙashi ya kwantar da Tela, ƙwayoyin asibiti kuma suka daina yi masa aiki, nishinsa ke ratsa bangon har ya danne ƙarar zarto. Mutumin da kuka tsufa tare kuna tsokanar juna, ka ji yana kuka kamar yaro, ai ba a jurewa. Shi ya sa Kafinta ya je wurin wani mai maganin gargajiya ya karɓo wata saiwa. Mai maganin ya ce tana kashe raɗaɗi, tana kwantar da jijiyoyi, tana kawo barci. A cika tukunya da ruwa, a tafasa, a ba da ƙaramin kofi, kada a wuce. Ta kuwa yi aiki. Har Tela ya samu bakin cewa, "Ashe kana da wani amfani ban da ɓata katakon mutane."

Yau da safe shi da kansa ya nemi a ba shi. Autarsa na kan hanya, ya ce ba ya so ta tarar da shi yana murƙususu. Ya ɗan rintsa, kafin ta iso ya farka da fuskar mutane.

Kafinta ya fita zuwa madafa. Tukunyar na zaune kan garwashi, tana huci a hankali. Ya ɗaga murfin. Wani baƙin zoben tabo na can sama a jikin tukunyar, inda ruwan ya fara tsayawa, ruwan kuwa ya koma gindi, ya yi duhu, ya yi kauri yana danƙo. Duk wanda ya taɓa dafa gam ya san halin wuta: ruwa take kwashewa, ta bar ƙarfin a dunƙule.

"Tun yaushe take kan wuta?"

"Tun jiya. Ya ce in ya huce ɗacin na tayar masa da zuciya, shi ne nake barinta kan garwashi ya riƙa sha da ɗumi." Ta dubi fuskarsa. "Yaya, me na yi?"

Ya mayar da murfin. "Maza kira malamar asibitin nan ta bayan layi."

Malamar ta zo da sauri, ta ɗaga fatar idon Tela, ta riƙe wuyan hannunsa, sannan ta juyo. "A nemo mota yanzun nan. Baba, kada ka bar shi ya nutse. Ka yi ta yi masa magana."

Kafinta ya durƙusa. Me zai ce? Ya kai bakinsa kusa da kunnen.

"Kai, macuci! Wandon da ka ɗinka mini, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Ba inda za ka sai ka gyara shi."

Can sai idon ya buɗe siriri, leɓɓan suka motsa.

"Ƙafarka ce... a karkace."

"To tashi ka auna ta!"

"Auta ta iso?"

"Tana bakin titi. Ka jira ta, ka ji ko? Ka jira ta."

"Babu ciwo," in ji Tela, kamar mai mamaki. "Ko kaɗan."

Numfashin ya fita. Kafinta ya riƙe nasa yana jiran ya dawo. Ya jira. Ƙuda ya sauka kan zanen keken ɗinki, ya tashi. Malamar ta sa hannu ta rufe idon.

Ana haka aka ji tsayuwar mota a waje. Ba ta asibiti ba ce. Auta ta shigo da jaka a kafaɗa, ta ga fuskokinsu, jakar ta zame ƙasa. Ta daɗe tana kallon mahaifinta, fuskarsa a sake, babu alamar yamutsa.

"Baba," ta ce da Kafinta, "ya sha wuya?"

Uwarta ta ɗago, idanunta a kansa, tana jiran abin da zai fito daga bakinsa.

"A cikin barci ya tafi, 'yata. Sunanki ne a bakinsa."

Da yamma, mutane sun cika gidan, Kafinta ya zagaya madafa ya ɗauke tukunyar ba wanda ya lura. Ya kai ta bayan shagonsa, ya tuttular da ragowar a ƙasa, ya debi yashi ya yi ta dirza. Zoben bai fita ba. Ya kife ta ƙarƙashin teburin aiki, ya zauna, ya jingina bayansa da bangon. Ba abin da ke ratsowa.