Ranar Gidanmu a Katangar Kifi

Tun daga kan tudun yashi na hango 'yan hutu birjik a kan katangarmu, da hulunan rana da gajerun wanduna. Na tsaya da kwando a bayana ina kallo.

Katangar kifi ce irin ta tsibirinmu na Oléron a Faransa, duwatsu jere a cikin teku kamar rabin zobe, babu siminti. Idan ruwa ya cika ya shanye ta, idan ya janye ya bar kifi a ciki. Kawa ce ke riƙe da ita, wata halittar teku mai ɓawo da ake ci, tana manne tsakanin dutse da dutse shekara da shekaru har su zama jiki ɗaya. Gidaje kaɗan ne ke da rabo, kowane gida da ranarsa. Mai rana shi ke kwasar kifi, shi kuma ke mayar da duk dutsen da ya faɗi kafin ruwa ya dawo. Gidan da ya bar ɓaraka a ranarsa ya fita ke nan.

Ranar ta gidanmu ce. Kakanmu, Pépé Firmin, yana kwance an yi masa aikin ƙugu, don haka da safe ya miƙo mini kwandonsa da dogon ƙarfen nan mai kama da takobi da ake buge kifi da shi. Ya ce, "Ke da Gaëtan ku riƙe mini ranata. Ubana bai taɓa fashi ba, ni ma haka."

Gaëtan yayana ne. Hayar kekuna yake ba 'yan hutu, kuma a bana ya ƙirƙiro kai su abin da yake kira wuraren da ba kowa ya sani ba. Ya kai su tsofaffin gonakin gishiri, ya kai su wata rijiya da ke bayan coci. Ban taɓa kawowa a raina zai kawo su nan ba.

Na gangara ina zamewa a kan gansakuka. Wata mata mai hula rawaya ta ciro duwatsu daga saman katangar tana ɗora su ɗaya kan ɗaya, mijinta yana durƙushe yana ɗaukar ta hoto. Sauran sun gani sun kwaikwaya, hasumiyoyi sun tashi ko'ina. Shi kuwa Gaëtan yana tsugune kusa da ƙofar ƙarfen da ruwa ke fita, wuƙa a hannunsa, yana ɓamɓaro kawa daga jikin katangar yana matsa musu lemon tsami suna ci.

Ya ɗago yana dariya. "Yauwa, ga ƙanwata Aude, mai digirin gidanmu! Kada ku damu in ba ta gaishe ku ba, magana tsada take yi mata."

Suka yi dariya. Gaskiya ya faɗa. Na gama jami'a a Poitiers ban taɓa ɗaga hannu a aji ba.

Na matso kusa da shi na ce a hankali, "Gaëtan, kawar katanga ce fa."

"Na sani, Malama. Na ce miki ta rufin coci ce? 'Yan kaɗan ne. Ki saki fuska mana, kina tsorata mini baƙi."

Sai na ga wurin da ya ɓamɓare. Duwatsun sun saki juna, ɗaya ya karkata kamar haƙori mai girgiɗi, ruwa yana tsiyaya ta bayansa. A daidai nan Pépé ya koya mana jeri muna yara, shi Gaëtan ɗin ma ya fi ni iyawa.

Ban san lokacin da na ɗaga ƙarfen Pépé na maka wa ƙofar ba. Ƙarar ta tashi tsuntsaye. Na sake makawa.

"Ku sauka! Ku sauka daga kan katangar nan, dukanku!"

Muryar ta fito kamar ba tawa ba. Na nufi hasumiyar mai hula rawaya na sa ƙafa na rushe ta.

Matar ta ja baya, ta dafe ƙirji. "Haba baiwar Allah, lafiya? Ai shi ya ce mana kufai ne, ba shi da mai shi!"

Na juyo na dubi yayana. "Kufai?"

Ya yi ƙasa da murya. "Aude, haka ake faɗa musu, sun fi jin daɗi. Kada ki kunyata ni."

"Kufai! Pépé yana kwance yana tambayar ƙarfe nawa ruwa zai janye, kai kana nan kana raba wa mutane katangarsa da lemon tsami? Ajiye wuƙar nan ka ɗauki dutse, ruwa ya juyo!"

Ya dubi teku, ya dubi agogonsa, ya dubi baƙinsa da suka yi cirko-cirko. An tanadar musu gasasshen abincin teku a tashar jiragen ruwa da tsakar rana. Ya ce, "Bari in raka su, yanzu zan dawo."

"In ka hau tudun nan, kada ka dawo."

Ya hau.

Mutum ɗaya ya tsaya, wani dattijo ɗan Lille mai jar fuska. Ya riƙa kawo mini duwatsu yana ba da haƙuri, yana shimfiɗa su a kwance kamar mai gina ɗaki. Na riƙa bin bayansa ina tayar da su tsaye, kafaɗa da kafaɗa, yadda igiyar ruwa ba za ta samu wurin ɗaga su ba. Ban yi masa bayani ba, ba ni da numfashin. Da ruwa ya taɓa idon sawunsa ya ce matarsa na jira, ya tafi.

Na ci gaba ni kaɗai. Kawa ta yayyanka mini yatsu, gishiri yana shiga. Ruwa ya kai gwiwa, duk dutsen da na kafa sai in ji yana motsi a ƙarƙashin tafina.

"Ke jikar Firmin! Fito haka nan!"

Madam Réjane ce a kan tudu da karenta, shugabar masu rabo, mace mai muryar maza. Ta ga komai.

"Saura kaɗan, Madam!"

"Saura kaɗan a tsamo gawarki. Na ce ki fito!"

Na fito. Ko kifi ɗaya ban ɗauka ba.

Washegari da ruwa ya janye, ɓarakar ta isa mota ta wuce. Duwatsun sun warwatsu har inda ido ya kai.

Aka taru a tsakar gidan Madam Réjane, tsofaffi a kan kujerun roba, kowa ya haɗe rai. Gaëtan ya zo, ya tsaya a bakin ƙofa yana wasa da makullin keke. Babu wanda ya ce masa ya zauna.

Madam Réjane ta ce, "Kowa ya san doka. Ba ni na kafa ta ba. Gidan Firmin ya bar ɓaraka a ranarsa."

Gaëtan ya ce, "Madam, ni zan nemo masu gini..."

"Kai rufe mana baki, sarkin kufai. Masu gini! Da siminti ko? Ƙafarka ba za ta sake taka katangar nan ba muddin ina numfashi."

Na miƙe. "Idan aka gyara fa?"

"Wa zai gyara? Firmin ko buta ba ya iya ɗagawa."

"Ni."

Wani tsoho ya yi tsaki. Madam Réjane ta ƙare mini kallo. "Ke da aka ce kin samu aiki a Bordeaux ƙarshen hutu? Yarinya, wannan ba aikin mako ba ne. Sai ranakun da ruwa ke janyewa sosai, daga yanzu har sanyi ya shigo. Kuma abin da kika jera yau, gobe ruwa ya kwashe rabi."

Aikin nan na ɗakin karatu na daɗe ina nemansa. Na dubi Gaëtan, ya sunkuyar da kai. Da ƙarfen Pépé yana hannuna a lokacin, ban san abin da zan yi da shi ba.

Na ce, "Na ji. Ranar ta zauna a gidanmu."

"Ta zauna a hannunki," in ji ta. "Ba a gidanku ba."

Da yamma na faɗa wa Pépé komai, ban rage wa jikansa ko kalma ba. Sannan ya kamo hannuna ya juya shi, ya duba yankan.

"A tsaye kika jera su?"

"A tsaye, Pépé."

Ya saki hannun, ya juya fuskarsa bango.

Yanzu 'yan hutu sun watse, an rufe shagunan askirim, iska tana yanka kunne. Aikin Bordeaux an ba wata. Ɓarakar ta ragu, amma ba ta rufe ba. Duk ranar da zan sauka, sai in tarar da tulin duwatsu a gindin tudun yashi, da sawun baro a bayansu. Wani lokaci ina hango Gaëtan a sama, hannu cikin aljihu, ya tsaya daidai inda Madam Réjane ta iyakance masa. Duwatsu masu kyau yake zaɓowa, masu faɗi, irin waɗanda ke kama juna.

Ina ɗauka in jera. Har yau ban ce masa sannu ba.