Ranar Da Suka Cika Motar

Ranar da Direba ya tsaya a ƙofar shagonta ya ce hukumar sufuri za ta turo mai ƙidayar fasinjoji, Mai Shago ba ta tambaye shi dalili ba. Ta san dalili. An taɓa zuwa aka ƙidaya masu zuwa ɗakin shan magani, aka rufe shi. Aka ƙidaya 'yan makaranta, aka haɗe su da na wani gari. A ƙauyen nan, duk abin da aka zo ƙidayawa sai dai a fara yi masa bankwana.

Motar kuwa wata 'yar ƙaramar bas ce, tsohuwa, mai tari kamar ta sha hayaƙi. Ita kaɗai ke tsallaka siririyar gadar bakin gari ta zo har ƙofar shagon. Kuma ita ce ke kai Baba, mahaifin Mai Shago, asibitin birni wankin ƙoda duk mako. Daga ɗakinsa zuwa ƙofar motar ba nisa, amma sai ya tsaya ya huta a hanya. In motar nan ta daina zuwa, Mai Shago ba ta ma son ta ƙarasa tunanin.

Ta tambayi Direba mutum nawa yake ɗauka a rana. Ya sosa ƙeya, ya ce to, akwai ita, akwai Baba, akwai kuma matar nan mai kaji in ta ga dama.

"Shi ke nan?"

"Da ni, Yaya. Ko ba a lissafa direba?"

A yammacin nan ta tara mutane a gaban shago. Samari duk sun tafi birni neman aiki, saura tsofaffi, kuma a nan dabararta take: hukuma ta raba wa tsofaffi katin shiga mota kyauta, kowa ya adana nasa a ƙasan akwati bai taɓa amfani da shi ba. Ta ce a fito da su. Tunda ba a faɗi ranar zuwan mai ƙidaya ba, kullum za a cika motar har sai an zo an ƙidaya.

Tsohon Hedimasta, wanda tun da aka rufe makaranta yake neman wanda zai jera a layi, ya karɓi aikin da hannu biyu. Ya raba gari gida-gida, ya karɓi lambar wayar kowa, ya ce daga yau saƙo ɗaya zai tura, kowa ya bar abin da yake yi ya fito. Mai aski ya ce shi ba shi da abin yi a birni. Mai Shago ta ce a nan ɗin me yake yi, kawunan da suka rage a garin duk sanƙo ne. Aka yi dariya, ya rubuta sunansa.

Abin ya fi yadda ta zata. Tsofaffin da ta ɗauka sai an lallaɓa su, su ne ke riga Direba isowa. Gwaggo, ƙanwar Baba, wadda ta shekara tana cewa ƙafa ta hana ta zuwa ko bayan gida, sai ga ta da sabon mayafi da turare, ta kama kujerar gefen taga ta ce ta gada. A birni ba inda suke zuwa. Su sauka a tasha, su zauna a benci suna zagin farashin kaya, su sake hawa su dawo. Wasu tsofaffi biyu da suka daɗe ba sa ga maciji suka shirya a kujerar baya, don babu wurin juya wa juna baya.

Ranar asibitin Baba ce mai ƙidayar ta bayyana. Wata matashiya ce cikin rigar aiki mai ƙyalli, da 'yar kwamfuta a hannu, tana tsaye a mahaɗar da hanyar ƙauyen ta haɗu da babban titi. Direba ya taka birki, amma ƙofa ta ƙi buɗewa, don mai aski da matar kaji da kajin duk suna jingine da ita. Baba kansa rabin kujera ya samu, Gwaggo ta ƙi matsawa.

Yarinyar ta zagaya motar tana leƙe ta taga tana danna kwamfutarta. Fuskarta ta nuna tausayi. Ta tambaya ko wani abu ne ya faru yau.

Mai Shago ta turo kai ta taga, ta marairaice. "Kullum haka muke, ranki ya daɗe. Yau ma da sauƙi, wasu sun haƙura sun koma gida."

Daga baya can wani ya yi nishi, nishin da Hedimasta ya koya masa. Mai ƙidaya ta girgiza kai, ta ce insha Allahu wannan wahala ta kusa ƙarewa. Motar na barin wurin aka ɓarke da shewa. A ranar Mai Shago ta raba alewa kyauta, abin da ba a taɓa gani ba.

Hukuma ta cika alkawari, wannan kam ba a ce ba ta yi ba. Bayan 'yan watanni aka janye tsohuwar bas, aka turo sabuwa. Doguwa ce, mai aiki da lantarki, ba ƙara ba hayaƙi, ga sanyi a ciki, ga kujeru sun ishi ƙauyen da maƙwabtansa. An rubuta a jikinta cewa rayuwa mai inganci haƙƙin kowa ce. Gari ya fito tarbarta har bakin gada. Ta iso, ta tsaya, sabon direban ya sauko ya dubi gadar, ya dubi motarsa, ya koma ciki ya yi ta baya da baya har mahaɗa.

A can aka kafa sabuwar tasha, da rumfa mai kyau da fitila mai amfani da hasken rana. Don kada mutanen ƙauye su wahala wajen zuwa, aka aiko musu da kekuna, masu launin ganye, aka jera a gaban shagon. Wani jami'i ya yi jawabi a kan amfanin motsa jiki ga masu shekaru. Gwaggo ta tambaye shi ko uwarsa na hawa. Ya ce tambaya ce mai kyau.

Tsofaffin dai suka koyi keken, don sun saba da fita, zaman gida ya daina yi musu daɗi. Baba ne kawai ba zai iya ba. Tsohon Direba, wanda aka mayar wata hanya, ya zo ranar hutunsa ya ɗaure kujerar roba a bayan keke ɗaya da igiya da waya. Haka Mai Shago ke tuƙa mahaifinta zuwa mahaɗa duk ranar asibiti, yana riƙe da kafaɗarta, tana jin yadda hannunsa ke ƙara rage nauyi. A dawowa ne ya fi wuya, bayan wankin, lokacin da ko zama ba ya iya yi sosai. Bai taɓa ɗora mata laifi ba. Da ma ya zage ta, da ta fi samun sauƙi.

Wata safiya suka iso mahaɗa da wuri, motar na tsaye tana jiran lokacinta. Ta taimaka wa Baba ya hau, ta zaunar da shi. Babu kowa a ciki, sai mutum ɗaya a kujerar gaba, da riga mai ƙyalli da 'yar kwamfuta.

Yarinyar ta gane ta nan take. Ta gaishe ta da fara'a, ta tambaya ya suke jin daɗin sabuwar motar, ta kuma waiga tana neman sauran jama'ar. Mai Shago ta ce suna nan. Daidai lokacin wata 'yar ƙaramar mota fara ta fito daga hanyar ƙauyen da ke tsallaken titi, ta wuce su a hankali. A ciki tsohuwa ɗaya ce zaune kamar matar gwamna.

Mai ƙidaya ta lura da inda take kallo, ta yi mata bayani. Wannan ai motar kira ce. Tsarin kashi biyu ne tun farko: garin da ke da jama'a da yawa a ba shi babbar mota a bakin titi, wanda ke da mutum biyu ko uku a ba shi ƙarama. Waya kawai za ka yi, ta zo har ƙofar ɗakinka, ta kai ka har ƙofar asibiti, ta dawo da kai. Har da wurin kwantar da marar lafiya.

"Su wancan ƙauyen ba su da kowa, shi ya sa," ta ce. "Ku kuwa, ai na yi ta faɗa a ofis a kanku. Sai da na nuna musu hotunan."

Mai Shago ta zauna kusa da Baba. Baba ya juya yana kallon waje, kafaɗarsa na rawa. Ta ɗauka kuka yake, sai ta ga dariya ce, irin wadda ba ta da sauti.

Ta tambaya a hankali, to yau me aka zo yi. Yarinyar ta ce sake dubawa ce. In aka ga babbar motar ba ta samun mutane, za a ɗauke ta a mayar da su tsarin kira, amma kada ta damu, ita ta san yadda garinsu yake.

"Ƙanwata, rubuta abin da kika gani," in ji Mai Shago. "Mutum ɗaya. Ni rakiya na yi, kada ma ki saka ni."

Wayarta ta yi ƙara a jaka. Ta ciro. Hedimasta ne, saƙon da ya tura wa gari duka: an ga mai ƙidaya a mahaɗa, kowa ya fito.

Ta kira shi, bai ɗauka ba. Ta kira mai aski, ta kira Gwaggo, babu wanda ya ɗauka, don ba a ɗaukar waya a kan keke. Ta ɗaga kai. Can a gangaren da ya taso daga gada, ga su nan tafe a layi, kekuna masu launin ganye, Hedimasta a gaba yana kaɗa ƙararrawa, matar kaji da kwandonta a baya, mayafin Gwaggo yana tashi a iska. Ba wanda ya makara. Ita ta koya musu.

Mai ƙidaya ta yi murmushi ta gyara riƙon kwamfutarta, ta ce ai ta san za su zo.

Mai Shago ta cire takalmanta, ta sauka matakalar farko, ta tsaya a bakin ƙofa, ta dafe gefe da gefe da hannayenta biyu don ta tare hanya. Ƙofar sabuwar motar tana da faɗi ƙwarai, an yi ta ne don mutane su shiga ba tare da matsi ba.