Guntayen Bayan Ƙofa

Tun ranar da na faɗi a shago, kujerata ta karye a ƙarƙashina, 'ya'yana suka yanke hukunci. Ba zan ƙara wuni ni kaɗai ba. Babban ya ce in koma gidansa, can saman bene. Ni kafinta ne, ba tantabara ba.

"Baba, in babu mai zama da kai a shagon, rufe shi za mu yi," in ji shi.

Babu wanda ya ce zai zauna. Kowa da aikinsa.

Ranar kwashe kaya na kife bokiti na zauna ina kallo. Zarto da guduma suka shiga kwali. Babban ya leƙa bayan ƙofa, inda nake tara guntayen katakon da suka rage daga kowane aiki. A wurina ba a zubar da saura. Ragowar ƙofar yau ita ce ƙafar kujerar gobe.

"Wannan tarkacen a bayar a hura wuta."

Na kau da kai. Ba na roƙo.

Mijin autata aka sa ya kwashe. Direba ne da aka sallama daga aiki, bakinsa kamar rediyo. Ban taɓa ɗaukarsa a bakin komai ba. Ya tsuguna gaban tarin, ya yi shiru, abin da ban san ya iya ba. Can ya zaro guntu ɗaya, ya gwada da karyayyar kujerata.

"Yaya, ɗan miƙo min zarton nan," ya ce wa babban.

"Kai kuma yaushe?" in ji matarsa. "Ƙusa ɗaya ka buga a gida, bango ya tsage."

Bai kula ta ba. Ya yanka, ya buga, har da yatsansa. Ya ajiye kujerar a gabana. Na zauna, tana rawa.

"Ya ka gani, Baba?"

"Ko akuya ba za ta yarda ta hau ba."

"To, in cire?"

"Bar ta. Gobe ka zo da sassafe ka gyara. Surutun ka baro shi a gida."

"Jibi fa?"

"Da wannan hannun naka? Ƙafar nan za ta kai ka shekara."

Babban ya dube ni, ya dubi direban. Ya sunkuya, ya fara fito da kaya daga kwali.

Na ce a mayar da gudumar inda aka same ta.