Wanda Ya Sayi Jirgin

Sahrawi na cikin sauke kujerun roba daga bayan a-kori-kurarsa sai muryar surukinsa ta cika filin gari. Bapak Wiryo, wato Baba Wiryo, bai taɓa yarda cewa lasifika na iya aikinta ita kaɗai ba. Ɗaga murya yake yi a cikinta kamar har yanzu yana magana a ƙarƙashin ƙarar injin jirgi.

"Le, idan ka gama da kujerun nan ka kawo tsani."

Mata masu kafa rumfunan abinci suka juyo suna dariya, don mutumin da aka kira Le, wato yaro, a lasifika furfura ta fara cin gemunsa. Haka tsohon ke kiransa yanzu, kamar ɗan cikinsa. A farkon aurensa da Lastri kuwa, "mutumin Maduran nan" kawai yake ce masa, don daga tsibirin Madura ya fito.

"Cak Sahrawi, a hankali da tsanin," in ji mai sayar da soyayyen tempe na waken soya, tana kiransa yaya da yarensu. "Kada ka hau ka auna mana jirgi da ido. Ku 'yan gwangwan ko ƙofar masallaci kuka gani sai kun ƙiyasta kilo nawa ce."

"Kaskonki na fara aunawa," in ji shi. "Ba zai sayi ko kofin shayi ba."

Aka sake dariya. Shi ma ya yi, ya saɓi tsanin ya juya musu baya da wuri.

Jirgin yana can gefen filin a kan ginshiƙin siminti, hancinsa na kallon sama. Haƙoran kifin da aka zana masa a baki sun koɗe, tsuntsaye sun yi sheƙa a inda iska ke shiga injin. Tun da rundunar sama ta sallame shi ta bai wa garin kyauta yake nan tsaye, yara na wasa a inuwarsa, amare na ɗaukar hoto a gabansa. A daminar bara wani murfi ya ɓalle daga cikinsa ya faɗa kan keken mai sayar da ƙanƙara. Ba wanda ya ji rauni, amma ƙaramar hukuma ta yanke magana: ko dai ƙungiyar tsofaffin sojojin sama ta gyara shi ta yi masa rufi kafin ruwa ya dawo, ko a sauke shi a miƙa wa wanda ya fi tayawa. An ma riga an karɓi tayin, ana jiran ganin yadda gidauniyar yau za ta kasance.

Bapak Wiryo shi ne makaniken wannan jirgi tun yana sabo har ranar tashinsa ta ƙarshe. Watanni ke nan yana yawo gida-gida a kan babur da kwalin tara kuɗi a ɗaure a baya, har Lastri ta gaji da yi masa faɗan hawan jini.

Abin da tsohon bai sani ba, Lastri ma ba ta sani ba, shi ne wanda ya fi tayawar yana tafe ɗauke da tsani. Sahrawi ya saka sunan ɗan baffansa Busiri, wanda ke zaune a birnin Surabaya, don kada kowa ya gane. Kasuwar ƙarfe ta faɗi tun bara, ya sallami ma'aikata biyu, na ukun ma yana kan hanya. Alminiyam ɗin jirgi kuwa masu narkarwa rububinsa suke yi. A lokacin ya gaya wa kansa cewa tsofaffin nan ba za su taɓa haɗa kuɗin ba, kuma ko bai taya ba wani zai taya. A ofishinsa, da fanka na kaɗawa, maganar ta yi kama da hankali.

Wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Busiri ne.

"Yaya bikin tsofaffi? Na samo masu yankan, da tukwanen gas. Litinin ko Talata?"

"Ba a gama ba tukuna."

"Me za a gama? Da kuɗin gyaɗa za su rufe jirgi?"

Sahrawi ya kashe wayar, ya jingina tsanin a jikin fiffike.

"Hau ka duba mini can ciki, wajen da fiffiken ya haɗu da jiki," in ji Bapak Wiryo, yana riƙe ƙafar tsanin da hannu biyu. "Gwiwata ta hana ni. Idon injiniyan hukuma daga ƙasa ya tsaya, bai ko cire takalmi ba. Kai ka san ƙarfe."

Sahrawi ya hau. Ya zura kai ta ramin da murfin ya bari, ya haska da waya. Warin kashin jemage ya buge shi. Ya ƙwanƙwasa babban ƙarfen da ke riƙe da fikafikan, ya kankare shi da makullin mota. Ƙura ce kawai ta zubo, ƙarƙashinta fari tas. Fatar waje ce ta ci, da kusoshin da suka ɗaure jirgin a kan ginshiƙi. Ƙashin bayan kuwa zai iya ganin jikokin jikokinsu. Ya daɗe da kansa a cikin ramin fiye da yadda aikin ke buƙata.

"Yaya?"

"Da duhu, Bapak. Sai an buɗe sosai."

Tsohon ya gyaɗa kai, ya kakkaɓe masa ƙurar kafaɗa da tafin hannu.

Kafin hantsi filin ya cika. 'Yan makaranta sun yi fareti, wata ƙungiyar masu babura ta zo da tutoci, tsofaffin sojoji cikin shuɗiyar riga da ta yi musu yawa suna zagayawa da kwalaye. Lastri na bayan teburin pecel, tana zuba miyar gyaɗa a kan dafaffen ganye da shinkafa ba ta ko ɗaga kai. Tun asuba take daka gyaɗar. Duk wanda ya wuce sai ya jefa wani abu a kwali, amma kowa ya san ƙananan takardun nan ba za su kai ko'ina ba. Mutum ɗaya ake jira.

Bu Hartini, wato Uwargida Hartini, ta iso da rana ta take, direbanta na riƙe mata lema. Motocin safa da ke zirga-zirga tsakanin nan da Surabaya rabinsu nata ne, kuma mijinta marigayi a sansanin jiragen ya fara aiki. Ta gaisa da tsofaffin, ta zagaya ginshiƙin sau ɗaya tana kallon sama, sannan ta yafito Sahrawi da yatsa. Ta daɗe tana sayar masa da matattun motocinta.

"Cak, kai ba ka taɓa yi mini ƙarya a kan sikeli ba," in ji ta ƙasa-ƙasa. "An ce ka hau ɗazu. Zan iya ɗaukar rufin gaba ɗaya, har da fenti. Amma ba na son in rufe gawa da kwano, shekara biyu ya faɗo a kan ɗan wani a ce kuɗin Hartini ne. Yana da sauran rai?"

Sahrawi ya kalli surukinsa can nesa, yana gyara wa wani tsoho hula.

"Bu, ƙarfen da ya sha ruwan sama shekara da shekaru..." Ya ɗaga kafaɗa. "Ni dai ba zan ce ki saka ba, ba zan ce kada ki saka ba."

"Ka riga ka ce."

Ta buɗe jaka, ta fitar da ambulan ƙarami maimakon abin da ta zo da niyya, ta je ta saka a kwali da kanta. Aka tafa mata. Bapak Wiryo ya rusuna ya yi godiya, ya raka ta har mota. Da ya dawo sai ya ɗaga kwalin kaɗan kamar mai gyara masa zama, ya ajiye.

Lastri ta miƙo wa mijinta faranti.

"Me take tambayarka?"

"Maganar tsofaffin motocinta."

"Ka ci, Cak. Tun safe kake ɗawainiya da kayan Bapak. Jiya yake ce mini 'ya'yansa maza suna Jakarta ko waya ba su bugo ba, sai kai."

Ya karɓa. Yaji ya yi daidai yadda yake so, ta ƙara masa soyayyen tempe a gefe. Loma biyu ya iya haɗiyewa.

Bayan azahar aka fara gwanjo. An sayar da hotuna, da agogon bango mai siffar farfela, da akuya da wani manomi ya kawo. Sai Bapak Wiryo ya hau dandamali riƙe da wata farar hular kwano da ta yi ruwan ƙwai saboda tsufa. Sahrawi ya san ta. A cikin kabad ɗin gilashi take zama a falo, ba a barin jikoki su taɓa.

Wannan karon tsohon bai ɗaga murya ba, har sai da mutane suka matso.

"Ta Kyaftin Handoyo ce, wanda sunansa ke rubuce can ƙarƙashin gilashin matuƙi. Shi ke tuƙawa, ni ke ɗaure masa bel. Kullum kafin in rufe masa gilashin sai ya ce, Wiryo, idan na dawo kai za ka sayi kofi. Ban taɓa saya ba, shi ke biya. Ranar da bai dawo ba, wani jirgin aka ba shi, wannan yana hannuna ina gyara. Matarsa ce ta ba ni hular." Ya juya ta a hannu. "To, wa zai taya?"

Wani saurayi daga cikin masu babura ya taya, wani mai shagon waya ya ƙara. Hannun Sahrawi ya motsa zai tashi, ya mayar da shi aljihu. Da wane kuɗi zai saya, kuma a wane kabad zai ajiye ta? Saurayin ne ya tafi da ita. Ya kifa ta a kai nan take, abokansa na ɗaukarsa hoto.

Da la'asar ma'ajin ƙungiyar ya shiga bayan rumfa da kwalayen. Bai jima ba ya fito, ya dubi Bapak Wiryo ya girgiza kai. Ba a yi sanarwa ba. Tsofaffin suka fara naɗe tutoci, masu abinci na raba abin da ya rage. Sahrawi ya loda kujeru shi kaɗai, ya hana kowa taya shi, har gumi ya jiƙa masa riga.

Lastri ta tsaya wanke tukwane da sauran mata, don haka su biyu suka hau a-kori-kura. Tsohon ya ɗora kwalin da babu komai a cinya. Hanyar gida ta bi ta gaban garejin Bu Hartini. Ƙofar a buɗe take, motarta na ciki, direban na goge gilashi. Sahrawi ya ɗaga ƙafa daga totur. Magana ɗaya ce: Bu, na sake dubawa. Motar ta yi ta rage gudu har ta kusa tsayawa. Wani mai babur ya danna masa oda daga baya, ya sake dannawa. Sahrawi ya taka totur suka wuce.

Sun shiga tsakanin gonakin rake kafin Bapak Wiryo ya yi magana.

"An ce wani mutumin Madura ne ya saya. Busiri, daga Surabaya. Ka san shi?"

"Busiri suna da yawa, Bapak."

"Haka ne. Amma ku kun san junanku. Ka nemo mini shi."

"Me za a ce masa?"

Tsohon ya murza gefen kwalin da babban yatsa.

"Kada ya yanka shi a filin. Yara na wucewa ta nan zuwa makaranta. Fikafikan suna kwancewa, ba sai an sa wuta ba, zan nuna wa yaransa inda kusoshin suke. A ɗora shi a babbar mota a kai shi can inda ba na gani, sannan ya yi abin da zai yi. Wurin da sunan Kyaftin yake kuma, idan zai yanko mini, zan biya kilonsa."

"Ba zai karɓi kuɗinka ba."

"Ka san shi ke nan?"

"A'a. Ina nufin... ba wanda zai karɓa."

"Ba ka san mutane ba, Le. Kai kana auna kowa da zuciyarka." Ya jingina kai a jikin ƙofa ya lumshe ido. "Ka kuma gaya masa ban riƙe shi a rai ba. Sana'arsa ce, yana da iyali. Bai san ni ba, bai san jirgin ba. Da ya sani ai da ba haka ba."

Wata motar rake ta taho a guje, Sahrawi ya kauce mata gefen hanya, kujerun baya suka yi ƙara suka lafa. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu.

"Zan gaya masa, Bapak," in ji shi.